ALLON SIRIRIN YAƁE MAI HASKE: YADDA AKE TSARA SHI DOMIN NUNA RUBUTUN KWAMFUTA

Gabatarwa

Duk wanda ya shiga banki, ko asibiti, ko ofishin sayar da tikitin jirgin sama, zai tarar da ma'aikaci zaune gaban wani allo yana karanta rubutu daga jikinsa. Abin da allon nan ya nuna shi ma'aikacin zai gaskata, da shi kuma zai yi aiki. Idan allon ya dushe, ko wani layi nasa ya mutu har lamba 8 ta koma kamar 3, to kuɗin wani ko maganin wani ya shiga haɗari ke nan. Saboda haka ya kamata jama'a su san yadda ake tsara irin waɗannan alluna, da abin da ke sa wani ya fi wani aminci.

Wannan darasi ya shafi wani irin allo guda, wanda aka yi yayinsa a shekarun 1980. Ana yin sa ne da wani siririn yaɓe na sinadarai a jikin gilashi, wanda ke ba da haske ruwan lemo idan aka sa masa lantarki, ba tare da ya yi zafi ba. Za a bi tarihinsa, da gininsa, da lissafin da mai tsara shi yake yi kafin harafi ɗaya ya fito sosai.

1. Tashar rubutu da allonta

A shekarun 1960 da 1970 kwamfuta babbar na'ura ce mai cin ɗaki guda, kuma mutane da yawa ke tarayya a kanta. Kowane ma'aikaci yana da abin da za a kira tashar rubutu, watau madannai irin na tafireta haɗe da allo, da waya wadda ta sadar da su da uwar na'urar. Tashar ba ta yin lissafin kome da kanta. Aikinta ta aika da abin da aka buga, ta kuma nuna amsar da ta dawo.

Galibin tashoshin nan suna nuna layi 24 ko 25, kowane layi da gurbin harafi 80. Adadin 80 an gaje shi ne daga katin huji na kamfanin IBM, wanda aka fito da shi a 1928. Tashar VT100 ta kamfanin DEC, wadda ta fito a 1978 ta kuma shahara ƙwarai, ita ma layi 24 take nunawa masu harafi 80, watau gurbi 1,920 a shafi guda.

Allon da ake sa wa tashoshin a lokacin kwalbar talabijin ce. Tana da araha, rubutunta kuma yana fita, amma tana da nauyi da tsawon ƙeya, tana bukatar lantarki fiye da bolt 10,000 a cikinta, kuma ba ta son girgiza. Wanda ke son tashar da za a sa a jaka, ko a jirgin sama, ko a gefen gadon majiyyaci, tilas ya nemi allo shafaffe. Wannan bukata ce ta tayar da masana.

2. Asalin hasken da ba shi da zafi

Ƙwan lantarki na da yana ba da haske ne saboda zaren da ke cikinsa ya yi zafi har ya yi jawur. Amma akwai sinadaran da ke juya lantarki ya zama haske kai tsaye. A 1907 wani Baturen Ingila, Henry Round, ya ga ɗan haske na fita daga wani irin dutsen wasa wuƙa da ya sa wa lantarki. A 1936 kuma, a birnin Paris, Georges Destriau ya zuba garin wani sinadari na tutiya da farar wuta a cikin mai, ya sa shi tsakanin faranti biyu, ya ba su lantarki mai kai-da-komo, sai garin ya yi haske. Daga wannan gwaji ne allon da ake magana a kansa ya samo asali.

A shekarun 1950 kamfanin Sylvania na Amurka ya sayar da fitilun dare da aka yi da irin wannan gari. Lambobin da ke fita kore a jikin kwamfutar kumbon Apollo, wanda ya kai mutum duniyar wata a 1969, su ma da shi aka yi su. Sai dai garin yana da aibi biyu: haskensa kaɗan ne, kuma idan aka matsa masa domin ya ƙara haske sai ya yi saurin tsufa.

A 1960 masana biyu na Tarayyar Sobiyet, Vlasenko da Popkov, suka nuna cewa idan aka bar gari aka shimfiɗa sinadarin ya zama yaɓe siriri, aka kuma sa masa ɗan manganis, haskensa yana ƙaruwa ƙwarai. Amma yaɓen ba ya daɗewa sai ya ƙone. An shafe shekara 14 kafin a shawo kan wannan. A 1974 Toshio Inoguchi da abokan aikinsa na kamfanin Sharp a Japan suka nuna allon da aka killace yaɓensa tsakanin shamaki biyu, wanda ya yi aiki fiye da awa 10,000 haskensa bai dushe ba. Wannan tsari shi kowa ya bi daga baya.

3. Ginin allon

Allon hawa biyar ne a bisa gilashi, kamar yadda magini ke yin yaɓe bisa yaɓe. Ga su daga fuskar mai kallo zuwa baya:

(a) Layukan tsaye. Waɗannan siraran hanyoyin lantarki ne da aka yi da haɗin indiyam da kuza. Suna ɗaukar lantarki, amma garau suke kamar gilashi, haske yana ratsa su.

(b) Shamakin farko. Wannan yaɓe ne wanda ba ya barin lantarki ya wuce ta cikinsa.

(c) Yaɓen haske. Shi ne sinadarin tutiya da farar wuta, da manganis ɗan kaɗan, wajen kashi ɗaya cikin ɗari ko ƙasa da haka.

(d) Shamaki na biyu, irin na farko.

(e) Layukan kwance. Su kuma da alminiyam ake yin su, suna gilma wa layukan tsaye.

Duk inda layin tsaye ya gilma wa na kwance, nan ɗigo ɗaya yake. Da ɗigogin nan ake harhaɗa haruffa.

Kaurin hawa biyar ɗin gaba ɗaya bai wuce maikuron 1 zuwa 2 ba. Maikuron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Silin gashin kan mutum ya fi yaɓen nan kauri kusan sau hamsin. Babu ruwa a cikinsa, babu iska, babu wani zare mai tsinkewa. Shi ya sa allon ke jure girgiza da tsananin sanyi da zafi.

4. Yadda hasken ke samuwa

Idan aka ba ɗigo lantarki kaɗan, babu abin da zai faru, domin shamakai biyun sun tare hanya. Amma idan ƙarfin ya haura wani mizani, wanda yakan faɗa tsakanin bolt 150 da 200, sai abubuwa huɗu su auku a jere.

Na farko, ƙwayoyin lantarki da ke maƙale a kan iyakar shamaki da yaɓen haske su ɓalle su faɗa cikin yaɓen. Na biyu, ƙarfin lantarkin ya fizge su da gudu. Na uku, wasunsu su yi karo da ƙwayoyin manganis su ɗora musu ƙarfi. Na huɗu, manganis ya saki ƙarfin nan ya zama haske ruwan lemo mai ɗan rawaya.

Dalilin gudun nan shi ne sirantar yaɓen. Bolt 200 a kan tazarar da ba ta kai maikuron 2 ba daidai yake da bolt miliyan 1 zuwa 2 a kowane santimita. Busasshiyar iska kuwa takan yi tartsatsi tun a wajen bolt 30,000 a santimita. A nan amfanin shamakan yake. Ƙwayoyin da suka ƙetare yaɓen sai su taru a bakin shamaki na biyu, taruwarsu kuma ta rage ƙarfin da ke fizgo na bayansu, har gudun ya tsaya da kansa kafin wani abu ya ƙone.

Abin lura a nan shi ne, da zarar ƙwayoyin sun taru a gefe ɗaya, ɗigon ba zai sake yin hasken kirki ba sai an juya fuskar lantarkin an koro su baya. Saboda haka allon yana aiki ne da lantarki mai kai-da-komo, kuma kowane bugu yana ba da walƙiya ɗaya wadda ke dushewa cikin kamar kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Ido ne ke haɗa walƙiyoyin ya gan su kamar haske mai ɗorewa.

5. Lissafin ɗigogi da siffar haruffa

Mai tsara allon rubutu yakan fara lissafinsa daga harafi. Mafi ƙarancin gidan da harafin boko zai fita a ciki shi ne ɗigo 5 a faɗi, 7 a tsayi. Sai a ƙara ɗigo 1 a gefe domin raba harafi da ɗan'uwansa, a ƙara 2 a ƙasa domin wutsiyar haruffa irin su g da j da y, a ƙara 1 domin raba layi da layi. Gidan ya zama 6 da 10 ke nan.

Harafi 80 sau ɗigo 6 ya ba da 480. Layi 25 sau ɗigo 10 ya ba da 250. Shi ya sa allo mai ɗigo 512 a faɗi da 256 a tsayi ya dace da tashar rubutu, har da ɗan rara. Jimlar ɗigoginsa 131,072 ce. Idan tazarar ɗigo da ɗigo ta kasance milimita 0.38, faɗin shafin zai kai wajen milimita 195, tsayinsa 97, tsawon babban harafi kuma wajen milimita 2.7, wanda mai lafiyar ido zai karanta daga nisan kamu guda. Da aka so rubutu ya ƙara kyau sai aka koma ga allo mai 640 da 400, inda kowane harafi ke samun gida mai ɗigo 8 da 16.

Wannan lissafi ya shafi harsunan Nijeriya kai tsaye. Tsarin haruffan ASCII da tashoshin ke bi gurbi 128 kawai gare shi, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Ko da an ƙara su, gida mai faɗin ɗigo 5 ba shi da wurin da lanƙwasar babban Ɓ ko Ɗ za ta zauna ba tare da an matse cikin harafin ba. Alhali kuwa lanƙwasar nan ita ce ta raba kafa da ƙafa, ta raba bari da ɓari. Yarabanci da Ibo su ma suna bukatar wurin ɗigo a ƙarƙashin harafi, da wurin alamar karin sauti a samansa. Gida mai 8 da 16 yana ɗaukar duk wannan. Haruffan Hausa masu lanƙwasa sun sami gurbinsu a tsarin Unicode da ya fito a 1991.

6. Yadda ake kunna ɗigogi dubu 131 da waya 768

Ba zai yiwu a ja wa kowane ɗigo wayarsa ba. Abin da ake da shi layin tsaye 512 ne da na kwance 256, watau waya 768. Dabarar ita ce a bi layukan kwance ɗaya bayan ɗaya daga sama zuwa ƙasa, kamar mai shara yana bin kunyoyi, a kuma yi saurin da ido ba zai gane ba.

Ga misali. A ce mizanin allon bolt 160 ne. Sai a ba layin kwancen da aka zo kansa bolt 160 ta fuska ɗaya. Wannan kaɗai bai isa ya sa haske ba. A daidai lokacin, duk layin tsayen da ake son ɗigonsa ya kama sai a ba shi bolt 40 ta ɗaya fuskar. Ɗigon da ke mahaɗarsu ya sami 200 ke nan, sai ya yi walƙiya. Maƙwabcinsa wanda ba a ba layin tsayensa kome ba ya tsaya a 160, yana nan duhu. Ɗigogin sauran layukan kwance kuwa ba su ga fiye da 40 ba, ko motsi ba za su yi ba.

Abin da ya sa dabarar ta ci shi ne halin yaɓen kansa. Ƙasa da mizani babu haske, ɗan sama da mizani kuwa haske ya tashi gaba ɗaya. Saboda haka ba a bukatar sa wa kowane ɗigo makunninsa, wanda da ya ninka wahalar aikin da kuɗinsa.

Sai maganar lokaci. Domin kada allo ya riƙa ƙyaftawa ya gajiyar da ido, ana zagaye shi duka kamar sau 60 a sakan. Kowane zagaye yana da kashi 16.7 cikin dubu na sakan. Idan aka raba wa layi 256, kowanne zai sami maikurosakan 65, watau kashi 65 cikin miliyan na sakan. A allo mai layi 400 rabon ya sauka zuwa wajen 42. Cikin wannan ɗan lokaci ne za a cika layin da lantarki, a jira walƙiya, a kuma zubar da lantarkin.

A nan ne layukan tsaye ke kawo cikas. Haɗin indiyam da kuza bai kai alminiyam saurin ɗaukar lantarki ba. Idan layin ya yi tsawo ya kuma yi siriri, ɗigon da ke can ƙarshensa ba zai cika a kan lokaci ba, sai ƙasan allon ya fi samansa duhu. Maganin shi ne a ƙara wa layin kauri, ko a yi masa rakiya da siririn ƙarfe a gefe, ko a raba allon gida biyu a ciyar da shi ta sama da ta ƙasa.

7. Cin wuta

Kowane ɗigo kamar ɗan tulu ne da ake cikawa da lantarki a zubar, sau dubbai a minti. Abin mamaki, yawancin wutar da allon ke ci ba ta zama haske. Tana tafiya ne wajen cikawa da zubarwar da layukan tsaye ke yi, domin duk sa'ad da aka matsa zuwa sabon layin kwance sai sun sake shiri, kuma kowannensu yana gilma wa ɗigogi 256.

Asarar nan tana hawa ne da ninkin ƙarfin lantarkin a kan kansa. Watau idan aka rage bolt 40 ɗin nan zuwa 20, asarar ba rabi za ta koma ba, rubu'i za ta koma. Shi ya sa masana suka dage wajen samun yaɓen da zai tashi daga duhu zuwa cikakken haske da ɗan ƙari kaɗan. Sun kuma ƙirƙiro hanyar cika layukan mataki-mataki, da hanyar mai da lantarkin da za a zubar cikin ma'aji domin a sake amfani da shi.

Asarar ta fi yawa sa'ad da rabin ɗigogin layi ke kunne rabi ke kashe. Rubutu bai cika kaiwa nan ba. Babban harafin E, alal misali, ɗigo 18 yake ci a gida mai 60, ga kuma guraben da ke tsakanin kalmomi. Wannan na cikin dalilan da suka sa allon ya fi dacewa da rubutu bisa ga hoto.

8. Aibobi huɗu da maganinsu

Na farko, ƙura. Ƙwayar ƙura ɗaya ta fi yaɓen kauri nesa ba kusa ba. Idan ta faɗa a lokacin yaɓe sai ta bar kafa, lantarki kuma ya fasa ta nan. Saboda haka ana yin aikin a ɗaki mai tatacciyar iska. Har ila yau ana zaɓen shamaki da kaurin alminiyam yadda idan fashewar ta auku, ƙarfen da ke kewaye da kafar zai ƙone ya janye, wutar ta mutu nan take, a bar tabon da ido ba ya gani. Idan zaɓen bai yi daidai ba, ƙunar takan ci gaba har ta yanke layi. Yankakken layin kwance yana ratsa haruffa 80 a lokaci guda, yana iya mai da 8 ta zama 0. Yankakken layin tsaye kuma shi ke mai da ita 3.

Na biyu, laima. Tururin ruwa yana sa yaɓen ya ɗaɗe daga jikin gilashi. Ana rufe bayan allon da wani gilashin a liƙe gefunansa, wasu masana'antun kuma su cika tsakanin da man silikon mai shanye laima.

Na uku, tabon rubutu. Tashar rubutu takan nuna kan takarda iri ɗaya a wuri ɗaya wata da watanni. Idan bugun da ɗigo ke samu ta fuska ɗaya ya fi na ɗaya fuskar ƙarfi, a hankali mizaninsa zai gusa, har inuwar tsohon rubutu ta riƙa fitowa a bayan sabo. Maganin shi ne a daidaita bugun biyu. A misalin da ya gabata, a zagaye na biyu sai a ba layin kwance bolt 200 ta ɗaya fuskar, a bar layin tsayen ɗigon da ake so babu kome, a ba wanda ba a so 40 domin nasa ya ragu zuwa 160. Ta haka kowane ɗigo yana samun kai da komo daidai wa daida. Bugu da ƙari, akan kunna sabon allo na wasu awoyi a masana'anta domin mizaninsa ya zauna kafin a sayar.

Na huɗu, ƙyalli. Alminiyam ɗin baya madubi ne. Yana turo hasken ɗigo gaba, wanda abu ne mai kyau, amma yana mai do hasken ɗaki da na taga, sai rubutu ya dushe. Ana sa wani tataccen gilashi a gaba wanda ke kashe hasken da ya shiga ya dawo, ko a sa baƙin yaɓe a baya. Kowannensu yana rage hasken harafin, amma yana ƙara bambancinsa da bango, bambancin nan kuwa shi ido ke karantawa.

9. Waɗanda suka ƙera shi

Masana'antu uku ne suka yi fice. Sharp na Japan ya fara sayar da allonsa a farkon shekarun 1980. Kwamfutar Grid Compass ta 1982, ɗaya daga cikin kwamfutocin farko masu buɗewa kamar littafi, tana ɗauke da irin wannan allo mai ɗigo 320 da 240, kuma hukumar NASA ta riƙa tafiya da ita sararin samaniya. Kwamfutar Integral ta kamfanin Hewlett-Packard, ta 1985, ita ma da shi ta fito.

A Amurka, wasu ma'aikatan kamfanin Tektronix suka kafa Planar Systems a jihar Oregon a 1983.

A Finlan kuwa, Dokta Tuomo Suntola ya ɓullo da wata sabuwar hanyar yaɓe a 1974. Maimakon a fesa sinadaran gaba ɗaya, sai a tura tururin na farko ya kama jikin gilashi falle ɗaya tak na ƙwayoyin zarra, a kore ragowar, sa'an nan a tura na biyu ya hau kansa, a yi ta maimaitawa sau dubbai. Aikin yana da jinkiri, amma yaɓen yana fita sumul babu kafa. Kamfanin Lohja ya yi allunan sanarwar tashi da saukar jirage ta wannan hanya, aka kafa su a filin jirgin saman Helsinki a 1983, suka yi aiki wajen shekara 15. A farkon shekarun 1990 Planar ya karɓi wannan sashe na Lohja, a 2012 kuma kamfanin Beneq na Finlan ya saye shi daga hannun Planar.

10. Dalilin da ya sa aka rinjaye shi

A shekarun 1980 allon nan ya fi allon LCD na lokacin ta fuskoki da dama. Ana karanta shi daga kowane gefe, ba ya jan inuwa idan rubutu na gudu, kuma sanyi ba ya sa shi nawa. Amma abu uku suka kayar da shi a kasuwa.

Na ɗaya, launi. Manganis ruwan lemo yake bayarwa. An sami kore, an tace ja daga ruwan lemon, amma shuɗi mai isasshen haske ya yi wuyar samu, ba kuwa a haɗa cikakken launi sai da shuɗi. Na biyu, tsadar sassan da ke sarrafa bolt 200 a kan ɗaruruwan layuka. Na uku, a shekarun 1990 masana'antun Japan, daga baya na Koriya ta Kudu da Taiwan, suka zuba dukiya mai yawa a kan allon LCD mai launi, farashinsa ya yi ta sauka. Ita kanta tashar rubutu ta ja baya da ƙananan kwamfutoci suka yawaita.

Allon siririn yaɓe sai ya koma inda aminci ya fi launi muhimmanci: na'urorin asibiti masu lura da bugun zuciya, da kayan soja, da injinan masana'antu, da jiragen ƙasa.

11. Gargaɗi ga masu gyara da masu amfani

Irin waɗannan na'urori sukan daɗe, wasu kuma sukan shigo a matsayin kayan da aka yi amfani da su a waje. Wanda ya gamu da allo shafaffe mai rubutu ruwan lemo ya kiyaye waɗannan:

(a) Ko da batir yake aiki, a cikinsa akwai sashen da ke ɗaga lantarki zuwa wajen bolt 200. Kada a taɓa cikinsa yana kunne, kuma a dakata bayan an kashe kafin a buɗe.

(b) Kada a fasa liƙin gefen gilashin. Da zarar laima ta shiga, allon ya tafi.

(c) Kada a ɗaga ƙarfin lantarkinsa domin neman ƙarin haske. An daidaita shi da mizanin wannan allo ne tun daga masana'anta.

(d) Idan layi ɗaya ya mutu a na'urar da ke nuna lambobin magani ko na kuɗi, a dakatar da aiki da ita har a gyara. Rigakafi ya fi magani.

Kammalawa

Daga gwajin Destriau a 1936 zuwa allon Inoguchi a 1974 shekara 38 ce. Allon ya yi zamaninsa a ofisoshi na ɗan lokaci, amma ilmin da aka tara a kansa bai tafi tare da shi ba. Hanyar yaɓe falle-falle da Suntola ya ɓullo da ita domin wannan allo ita masu ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta suka ɗauka daga baya, har kamfanin Intel ya yi amfani da ita a cikin kayan da ya fitar a 2007. A 2018 aka ba Suntola lambar yabo ta Millennium a Finlan saboda wannan aiki.

Ɗalibin kimiyya ko na fasaha da ya bi wannan darasi zai lura cewa babu mataki ɗaya a cikinsa da ya fi ƙarfin mai ninkawa da rabawa: harafi nawa a layi, ɗigo nawa a harafi, lokaci nawa ga kowane layi, bolt nawa ga kowane ɗigo. Waɗannan tambayoyi su ne mai tsara kowane irin allo yake fara amsawa, kuma su ne ya kamata mai sayen na'ura domin ofis ko asibiti ya yi kafin ya sa hannu a takarda, tare da tambaya ta biyar: shin haruffan harshen mutanen da za su karanta allon suna fita a jikinsa daidai?